Maiɗakina ta ce gulutin ke kumbura mata ciki: ciwo ne ko yayi?

"Assalamu alaikum Likita. Ni magidanci ne a Birnin Kebbi. Wata uku ke nan maiɗakina ta daina cin burodi da taliya da duk abin da aka yi da fulawa. Ta ce ta gani a TikTok cewa tana da matsalar gulutin, domin cikinta yana kumbura duk ranar da ta karya da shayi da burodi. Ba ta je asibiti ba. Yanzu kuma tana so a hana yara, wai burodin zamani guba ne. Ni dai ina ganin yayi ne kawai, tunda iyayenmu sun ci funkaso da alkaki ba mu ji ya yi musu komai ba. Don Allah mene ne gaskiyar lamarin?"

Wa alaikumus salam Malam. Allah ya ba uwargida lafiya, ya kuma saka maka da alheri da ka nemi sani kafin ka yanke hukunci. Tambayoyi biyu ne a cikin saƙonka: shin mutum zai iya zama a gida ya gane cewa gulutin ne ke damunsa, sannan shin burodin da ake sayarwa yanzu yana da illar da ta kai a hana yara? Amsar ta farko ita ce a'a, ba zai iya ba, kuma yawancin waɗanda suka ɗora wa kansu wannan suna ba shi ne ke damunsu ba. Amma wannan bai mayar da ciwon uwargida yayi ba. Kumburin da take ji gaskiya ne. Abin da nake shakka a kai shi ne sunan da ta ba shi. Ban duba ta ba, saboda haka ba zan iya ce maka ga abin da ke damunta ba, amma zan iya nuna maka hanyar da ake bi a gano.

Mene ne gulutin?

Idan kana son ganinsa da idonka, a kwaɓa fulawa da ruwa kamar za a yi taliya, a bar kwaɓin ya ɗan huta, sannan a sa shi cikin kwanon ruwa a riƙa murzawa. Ruwan zai yi fari fat, sitaci ke nan yake fita. A zubar, a sake wani ruwan, a ci gaba da murzawa. A ƙarshe za a tarar da ɗan dunƙule mai launin toka-toka a hannu, mai danƙo, idan an ja shi ya miƙe, idan an saki ya koma. Wannan shi ne gulutin. Furotin ne na alkama, kuma shi ne yake riƙe iskar da yis ke fitarwa har burodi ya tashi, shi ne kuma ke sa taliya ta fito daga injin murzawa ba ta tsinke ba. Akwai danginsa a cikin sha'ir da wani hatsin Turai da ake kira rai. Babu shi a gero, dawa, masara, shinkafa, acca, rogo, doya ko wake.

Ka yi gaskiya da ka ce alkama ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. An daɗe ana noma ta da rani a fadamu, kuma funkaso da alkaki da gurasa ba jiya suka zo ba. Sai dai a da abincin biki ne da salla da gidan masu hali. Yau kuwa mutum zai karya da burodi, da rana ya ci taliyar leda, da yamma a kawo cincin ko fanke, da dare a tuƙa semo. Sau huɗu ke nan alkama ta shiga cikinsa a wuni guda, alhali kakansa ƙila sai ya yi wata bai ɗanɗana ta ba. Alkamar da ake nomawa a Kebbi da Jigawa da Kano, duk da shirin ba manoma rance da aka ƙaddamar a nan Kebbi a watan Nuwamba 2015, ba ta kai ko kusa da abin da ƙasar ke ci ba. Sama da kashi 90 cikin 100 daga waje ake shigo da ita.

Cutar da take da haɗari da gaske

Akwai cuta ta haƙiƙa da gulutin ke jawowa, sunanta siliyak. Mai ita idan ya ci alkama, garkuwar jikinsa sai ta juya ta far wa bangon ƙaramin hanjinsa. Bangon nan yana da 'yan ƙananan tsiro masu yawan gaske waɗanda suke tsotse amfanin abinci, to su ne suke lalacewa su kwanta. Sai mutum ya riƙa ci amma jiki bai samu ba. Daga nan ake ganin gudawar da ta ƙi ƙarewa, bayan gida mai maiƙo da wari, rama, ƙarancin jinin da ya ƙi jin magani, yaro ya tsumbure ga ciki a kumbure, wani lokaci ƙuraje masu ƙaiƙayi a gwiwar hannu da ta ƙafa, a wasu mata har da yawan ɓari. Wani likitan yara ɗan ƙasar Holan, Willem Dicke, shi ne ya tabbatar da alaƙarta da alkama. Ya lura cewa a lokacin yunwar da aka yi a ƙasarsu a 1944 zuwa 1945, da burodi ya ɓace, yaran da ke fama da cutar sun samu sauƙi, da burodi ya dawo kuma ciwo ya dawo.

A duniya kusan mutum 1 cikin 100 ne ke da ita. An daɗe ana cewa cutar Turawa ce, har sai da aka gwada yaran Saharawi, mutanen Yammacin Sahara, da ke sansanonin gudun hijira a Aljeriya, sakamakon ya fito a 1999, aka tarar kashi 5.6 cikin 100 suna ɗauke da alamarta a jini. Mutane ne da fulawar agaji ta zama babban abincinsu. Saboda haka ba na yarda a ce ɗan Afirka ba ya yin ta. A wurinmu matsalar ita ce yaro mai gudawa da rama tamowa za a fara kira, ko tsutsar ciki, kuma galibi hakan ne, sai mai siliyak ɗin ya ɓace a cikinsu.

Ana gano ta da gwajin jini da ake kira tTG-IgA, idan ya nuna, sai a zura na'ura mai kyamara ta baki a ɗebo ɗan tsokar hanji a duba. Ba kowane ɗakin gwaji ke yin na jinin ba, sau da yawa sai an tura samfurin babban gari, amma likita a babban asibiti zai san inda za a kai. Ga kuma abin da ya fi damuna a labarin uwargida: gwajin nan ba ya aiki sai mutum yana kan cin alkama. Wata uku da ta yi ba ta ci ba ya isa ya sa jini ya nuna lafiya lau ko da tana da cutar. Idan za a gwada ta yanzu, sai ta koma cin kamar yanka biyu na burodi kullum har kusan mako shida tukuna. Wannan shi ne babban abin da mai gane wa kansa ciwo yake yi wa kansa: ya share sawun da likita zai bi. Kuma bambancin ba ƙarami ba ne. Mai siliyak har ƙarshen ransa ba zai ci alkama ba, ko ɓurɓushi. Gero da ya kai injin niƙa bayan an niƙa alkama zai iya tayar masa da ciwo, haka ɗanwaken da aka haɗa da fulawa, ko masar da mai tuya ta ɗan barbaɗa wa ƙullinta fulawa don ta kama. Ƙa'idar duniya ta abincin da za a ce babu gulutin ita ce kada ya wuce miligiram 20 a kilo guda. Bai kamata a ɗora wa mutum wannan takura bisa zato ba, bai kuma kamata mai cutar ya riƙa yi rabi da rabi don bai san yana da ita ba.

Akwai kuma borin jini na alkama, wanda jiki ke yin ruɗu-ruɗu, leɓe ya kumbura, numfashi ya sarƙe cikin mintuna ko awa ɗaya zuwa biyu da ci. Wannan ba ya ɓuya, kuma na gaggawa ne.

Waɗanda ba su da siliyak amma suna kuka da alkama

Nan ne yawancin masu irin kukan uwargida suke. An gwada su, babu siliyak, babu borin jini, amma sun ce in sun ci burodi ciki ya kumbura. Masu bincike a jami'ar Monash ta Ostareliya, ƙarƙashin Farfesa Peter Gibson, su ne suka fitar da sakamako a 2011 da ya nuna kamar gulutin ne ke yi musu haka, kuma duniya ta ɗauka. Su da kansu suka sake gwajin da tsauri a 2013 da mutum 37. Da farko aka rage musu wasu nau'ukan sukari da ba sa narkewa sosai a hanji, sai duk suka ji sauƙi. Sannan aka riƙa ba su abinci ba tare da sun san wanne ke da gulutin wanne babu ba. Kashi 8 cikin 100 ne kawai ciwonsu ya bi gulutin. A 2018 aka yi irinsa a Oslo ta ƙasar Nowe da mutum 59 da suka hana kansu alkama. Mutum 13 ne suka fi jin ciwo da gulutin, 24 da wani abu da ake kira furuktan, 22 kuma da abincin da ba a sa masa komai ba.

Abu biyu ke cikin wannan sakamako. Na farko furuktan. Shi ma yana cikin alkama, amma ba furotin ba ne, dangin sukari ne da hanjin ɗan Adam ba ya iya narkarwa. Yana wucewa babban hanji, ƙwayoyin da ke zaune can su cinye shi su fitar da iska. Kowa yana yin wannan iskar, sai dai wanda hanjinsa ke da saurin ji, shi ne zai ji ta a matsayin kumburi da murɗa. Furuktan ɗin nan yana da yawa a albasa da tafarnuwa, wake kuma yana da ɗan'uwansa. To ka ga wanda ya bar burodi ya ji sauƙi bai yi ƙarya ba, ya rage furuktan ne, sai ya ɗora laifin a kan gulutin. Na biyu, waɗancan 22 ɗin. Ba ƙirƙira suka yi ba. Hanji da ƙwaƙwalwa a haɗe suke da jijiyoyi, idan mutum ya sa rai abinci zai cutar da shi, ciwon yana zuwa da gaske. Shi ya sa nake roƙonka kada ka ce mata yayi ne. Wanda aka ƙaryata ciwonsa ba ya daina jin ciwon, daina faɗa yake yi, ya koma wurin mai sayar da maganin gargajiya na intanet wanda zai saurare shi.

Abin da nake fara tambaya a ɗakin duba marasa lafiya

Idan mace ta zo mini da wannan kuka, nakan ce ta ba ni labarin karin kumallon gaba ɗaya, ba burodin kaɗai ba. Sau da yawa ga yadda yake: kofi babba na shayi, an zuba madarar gari cokali uku ko ta gwangwani, sukari mai yawa, burodi an shafa bota, ga wainar ƙwai da aka soya da albasa jingim cikin mai, wani lokaci da wake a gefe. Aƙalla abu huɗu ne a faifan nan da za su iya kumbura ciki. Madara ce ta farko da nake zargi, domin yawancin manya a Afirka ta Yamma jikinsu ya rage yin sinadarin da ke narkar da sukarin madara bayan yaye. Fulani da dama sun fi sauran jama'a iya narkar da ita. Nono da kindirmo kuwa sun fi sauƙi ga kowa, tunda tsami ya riga ya cinye wani ɓangare na sukarin. Na sha ganin wadda ta shekara tana gudun burodi, muka cire madara daga shayin muka mayar da burodin, kumburi ya tafi.

Tambaya ta biyu: kafin ta daina, idan ta ci taliya da mai da yaji, ko tuwon semo, ko alkaki, cikin yana kumbura? Idan amsar a'a ce, to da wuya a ce gulutin ne, domin duk suna ɗauke da shi, taliya ma sosai.

Bayan haka sai abubuwan da suka fi yawa a yankinmu. Ƙwayar cutar da ke jawo gyambon ciki, wadda ake kira H. pylori, ta yi yawa ƙwarai a Najeriya, tana kawo ƙwarnafi da gyatsa da saurin cikar ciki, ana gano ta a gwajin bayan gida, ana kuma maganinta cikin mako biyu. Akwai ƙwayoyin cuta da ake sha a ruwan rijiya da na rafi masu sa kumburi da gudawa mai kumfa. Akwai taurin bayan gida, wanda farin burodi da ƙarancin ganye da ƙarancin shan ruwa a zafinmu suke ƙara wa ƙarfi. Ga mata kuma, kumburin da ba ya sauka ko an ci ko ba a ci ba yana buƙatar hoton ciki don a duba mahaifa da ƙwan mace. Mun saba da tara ciwo iri-iri a ƙarƙashin suna guda, a ce basir, a ce sanyi, a ce taifot, kuma na ga mutanen da wannan ɗabi'a ta jinkirta musu magani har abu ya yi nisa. Ina tsoron kada gulutin ya shiga wannan layi.

Idan akwai ɗaya daga cikin waɗannan, kada a tsaya gwaji a gida, a tafi asibiti: rama ba dalili, jini ko baƙi a bayan gida, gudawar da ta wuce wata, ƙarancin jini, amai a kai a kai, wahalar haɗiya, ciwon da ke tayar da mutum daga barci, ko ciwon ya faro sabo bayan shekara 45.

Burodin zamani fa?

A nan uwargida tana da ƙanshin gaskiya, sai dai ba ta inda take zato ba. Maganar da ake yawo da ita cewa alkamar yanzu ta fi ta da gulutin ba ta tabbata ba. Masana a Jamus sun shuka iri 60 na alkama da aka yi yayinsu tsakanin 1891 da 2010 a gona ɗaya, sakamakon da ya fito a 2020 ya nuna jimillar gulutin ɗin ba ta canza ba. Abin da ya canza shi ne yadda ake yin burodin da kuma yawan da muke ci.

A da kwaɓi yakan kwana ko ya wuni yana tashi a hankali. A 1961 aka ƙirƙiro wata hanya a Chorleywood ta Ingila, ta bugun kwaɓi da inji mai gudu tare da ƙarin yis da sinadarai, wadda ta sa daga fulawa zuwa burodi a leda bai fi awa uku da rabi ba. Wannan tunani na gaggawa ya bazu ko'ina, har gidajen burodinmu. Amfanin doguwar tashi shi ne yis da ƙwayoyin tsami suna samun lokacin cinye furuktan da yawa kafin a gasa. Shi ya sa wani zai ci funkason da ƙullinsa ya daɗe yana tashi ya kwana lafiya, ya ci burodin kanti ya kumbura. Mai siliyak dai wannan ba ta shafe shi ba, ko kwana nawa ƙulli ya yi haramun ne a gare shi.

Abin da ya fi cancanta a damu da shi shi ne buromet, hodar da wasu masu gidan burodi ke zubawa don burodi ya yi girma ya yi laushi da fulawa kaɗan. Hukumar binciken cutar daji ta duniya ta sa shi a 1999 cikin abubuwan da mai yiwuwa suna jawo daji, bayan an ga ya haifar da ƙari a ƙodar dabbobin gwaji. Ingila ta hana shi tun 1990, NAFDAC ta hana shi a Najeriya a zamanin marigayiya Dora Akunyili. Duk da haka binciken jami'o'inmu ya sha samun ragowarsa a burodin kasuwa bayan hanin. Haka sakarin, da wasu ke sawa a madadin sukari saboda tsada, NAFDAC ba ta yarda da shi a burodi ba. Buromet ba ya sanar da kansa da kumburin ciki, kuma ido ba ya iya tabbatar da shi. Amma burodin da ka ga ƙato, ka ɗaga ka ji ba nauyi, ka matsa ya dunƙule a tafin hannu ya ƙi tashi, kuma babu sunan gida ko lambar NAFDAC ko ranar lalacewa a ledarsa, ni ba zan kai wa iyalina ba.

Sai kuma ita farar fulawa kanta. An cire mata dusa da ƙwayar tsiro, waɗanda suke ɗauke da abin da ke sassauta bayan gida. Doka ta sa kamfanonin niƙa su ƙara mata bitamin A da sinadarin ƙarfe, wannan alheri ne, amma bai mayar da dusar ba. Tana saurin ɗaga sukarin jini, ga sukarin da burodinmu ya riga ya sha. (Masu ciwon suga da aka ce musu tuwon alkama magani ne su ma su lura, yana ɗaga sukari idan malmalar ta yi girma.)

Game da yara, idan suna girma daidai, ba gudawa, ba ƙarancin jini, babu dalilin hana su alkama, kuma hana su ba ya kare su daga siliyak. A rage yawan burodin dai, a nemi gida mai rajista, wasu ranakun a karya da koko da ƙosai, ko kunun gyaɗa, ko masa, ko ɗumamen tuwo. Amma idan gwaji ya nuna mahaifiyarsu tana da siliyak, to su ma sai an gwada su, domin kusan 1 cikin 10 na 'ya'ya da 'yan'uwan mai cutar suna da ita.

Ga yadda zan so ku yi. Ka raka ta wurin likita, a duba yawan jininta da bayan gida, a faɗa masa tun yaushe ta bar alkama don ya tsara yadda za a yi gwajin siliyak. Idan duk sun fita lafiya, sai ta riƙe ɗan littafi na mako biyu tana rubuta abin da ta ci da lokacin da ciki ya kumbura. Sannan a riƙa canza abu ɗaya a lokaci guda: mako ɗaya burodi da shayi ba madara, wani makon taliya ba albasa, wani kuma funkason gida da ya tashi sosai. Idan bayan wannan duka alkama ce dai ke tayar mata da ciki, to tana cikin 'yan kaɗan ɗin da abin ya tabbata a kansu, kuma yawancinsu ba sai sun bari gaba ɗaya ba, sukan gano gwargwadon da cikinsu ke ɗauka su tsaya a nan. Ba ta buƙatar sayen garin waje mai tsada da aka rubuta wa babu gulutin. Shinkafar Argungu da gero da dawa da ke kasuwar Birnin Kebbi sun ishe ta tuwo da masa da sinasir da fura, sai dai a kula da injin da za a kai niƙa idan gwajin ya nuna siliyak. Allah ya ba ta lafiya.